Amanar Shekarar Yunwa

Charleroi, Beljika
16 ga Yuli, 2023

Zuwa ga Baffana Malam Sha'ibu, a Tsibiri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya damina, ya ciwon gwiwa. Tunda kunnenka ya hana mu magana ta waya, ga shi na bi dokarka: na rubuta da hannu, na ɗauki hoton takardar na turo.

Baffa, ka tuna da na zo sadakar arba'in ɗin Baba na zo da wasu 'yan kwalabe biyu? Ka tofa yawu a ɗaya kana dariya, kana cewa Nasara sun gama da gyaɗarmu, yanzu yawunmu suke so. Na ce maka gwajin DNA ne, zai nuna mana ko da gaske kakanninmu daga Katsina suka zo, kamar yadda Baba yake yawan faɗi. So nake in rubuta tarihin gidanmu, don tun da ya rasu nake jin kamar ba a ɗaure nake da komai ba. Abin da ban gaya maka ba shi ne, gwajin yana nuna wa ya haɗa jini da wa. Na san haka, amma ban ga abin tsoro a ciki ba.

Sakamako ya fito. Naka ya nuna ƙasar Hausa, ba gardama. Nawa rabi haka ne, ɗaya rabin kuma na arewa ne, na Abzinawa. Inda ya kamata a rubuta cewa kai ɗan'uwan mahaifina ne, babu komai. Ba mu haɗa jini ba ko kaɗan. Na rubuta musu na ce kuskure ne, suka sake dubawa suka ce babu kuskure.

Kai da Baba uwa ɗaya uba ɗaya kuke. In ni ba jininka ba ce, to ba jinin Baba ba ce ke nan. Hannuna ya ƙi rubuta sauran. Mako uku ke nan Mama tana kirana, ina kallon sunanta a waya har kiran ya tsinke. Ba ni da wanda zan tambaya sai kai. Don Allah ka gaya mini gaskiya, ko wace iri ce.

Ka huta lafiya.
Ɗiyarka, Raihanatu


Tsibiri
6 ga Agusta, 2023

Ɗiyata Raihanatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, hatsi ya yi kyau, mun gode Allah. Kin ji sojoji sun karɓi mulki, an rufe iyaka, Nijeriya ta yanke mana wuta. Wayata ta yi kwana huɗu a mace. Zan iya fakewa da wannan in ce shi ya hana ni amsa, amma shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a lakkwal, ina hana yara ƙarya. Rantsuwa ce ta riƙe mini hannu.

Kafin ki ci gaba da karatu, ki nemi gafarar Allah a kan abin da kika zargi uwarki Balki da shi. Ke ɗiyar Ilyasu ce ta halak. Ilyasu ne ba jinina ba.

Kakarki Inna Tsahara ta sa na rantse ba zan faɗa ba har in koma ga Allah. Kin ajiye ni tsakanin alkawarin matacciya da mutuncin rayayya. Na zaɓi rayayya, zan yi kaffara.

A 1974 ina da shekara goma sha huɗu, ina makarantar kwana a Damagaram. Shekarar yunwa ce. Dabbobin mutanen arewa sun ƙare, suka gangaro Maraɗi suka zube a bayan Sabon Gari, kusa da gidanmu na da. A wannan shekara ƙyanda ta kashe ƙanena mai shekara uku, sunansa Ilyasu. Da na zo hutu na iske Inna zaune da wani yaro a cinya, sanye da rigar mamacin. Cikinsa a kumbure, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa kamar karan dawa. Inna ta dube ni ta ce, "Ga Ilyasu, ba ka gaishe shi ba." Na dubi mahaifinmu Alhaji Jibo, ya kau da kai. Daga baya ya gaya mini uwar yaron ta mutu a sansanin mutanen arewan. Ba a jima ba muka tashi muka koma gefen gari, inda ya zama unguwar Zariya yanzu, wurin da ba wanda ya san an taɓa yi mana rasuwa.

Da farko na ƙi yaron. Amma shi ya riƙa bina har bakin mota duk ranar da zan koma makaranta, yana riƙe da jakata da hannu biyu. Ban san ranar da ya zama ƙanena ba. Da matata ta rasu, shi ya yi wata guda yana zuwa Tsibiri kullum don kada in ci abinci ni kaɗai.

Waɗanda suka san wannan magana a raye mu biyu ne, ni da yayata, Gwaggonki Tasalla ta Jiratawa. Ƙanenmu Shamsu bayan haka aka haife shi, bai sani ba. Kin kuma san hukuncin gado: ɗan riƙo ba ya ci. Gidan da uwarki take ciki rabon Ilyasu ne daga Alhaji, ni kuma ina wurin aka raba na yi shiru. Saboda haka ki riƙe bakinki.

Ki kira uwarki yau.

Baffanki, Sha'ibu Jibo


Charleroi
20 ga Agusta, 2023

Baffa,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na kira Mama. Ta yi ta faɗa wai Turai ta sa na manta da ita, ni kuwa ina ta kuka, ta ɗauka kewa ce. Ban gaya mata ba, kuma ba zan taɓa gaya mata abin da na yi zato ba. Wannan kayana ne, zan ɗauke shi ni kaɗai.

Amma akwai abin da na ɓoye a wasiƙar farko, don lokacin ban gane shi ba. Kamfanin yana haɗa duk waɗanda jininsu ya zo ɗaya. Sun nuna mini wani saurayi, Abdulmutallib, ɗan Abalak ne yana karatu a Kanada. Sun ce kusancinmu kamar na 'ya'yan wa da ƙane ne. Shi ma an nuna masa ni, ya kuwa rubuto.

Ya ce saboda kakarsa ya yi gwajin. Sunanta Tahira, tana da rai, ta haura saba'in, idonta ya tafi. A shekarar yunwa mijinta ya mutu a hanya, ta iso Maraɗi da yaro ɗan shekara uku da jaririya a goye. Ta ga ba za ta iya raya biyu ba, sai ta ba wata matar attajiri a Sabon Gari amanar yaron, ta ce za ta dawo. Ta dawo bayan shekara guda, aka ce mata ya mutu. Har yau ba ta yarda ba. Ya ce duk wanda zai je Maraɗi daga garinsu sai ta ce ya duba mata.

Baffa, kai an ce maka uwar ta mutu. Ita an ce mata ɗan ya mutu. Wa ya faɗi wanne?

Ban ba shi amsa ba. Na so in taho gida mu yi magana baki da baki, amma jirage sun daina sauka Yamai, hutun da na nema ya tashi a banza. Ranar Lahadi na je taron 'yan Nijar a Bruxelles don in ji Hausa. Kowa maganar sojoji da takunkumi yake, har ana nuna wa juna yatsa. Wata ta tambaye ni 'yar wane gida ce a Maraɗi. Na ce mata ana jirana a wurin aiki.

Ina jiran amsarka.
Raihanatu


Tsibiri
10 ga Satumba, 2023

Ɗiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarki sau uku. Ranar Talata na hau babur na tafi Jiratawa.

Na iske Tasalla tana shanyar zogale a tsakar gida. Ta tsufa ƙwarai, 'ya'yanta duk sun watse, daga ita sai kaji. Na zauna, na sha ruwa, na ce, "Yaya, uwar Ilyasu da gaske ta mutu?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wa ya aiko ka?"

Na ce, "Yawuna." Na yi mata bayani iyakar fahimtata.

Ta daɗe tana juya ganyen, sannan ta matso kusa da kunnena don kada ta ɗaga murya. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ta dawo. Kana Damagaram, ni kuma ina amarya a gidan nan. Ta je tsohon gida ta tarar mun tashi, ta yi ta tambaya har aka nuna mata sabon. Labari ya riga ta isowa. Inna ta ɗauki yaron ta ba mijina Maman Lawali, ya kawo mini shi nan a kan keke. Matar ta zo da akuya guda da cuku ƙulle a gefen zane, tukuicin riƙo. Inna ta ce mata Allah ya yi masa cikawa tun da rani. Ta ce a nuna mata kabari, Alhaji ya kai ta bakin maƙabarta ya nuna mata na Ilyasunmu na fari. Da suka komo gida ta ga rigar yaro a jiƙe a kan igiya. Ta tambayi Inna ta wace ce, Inna ta ce ta maƙwabta ce. Kwana uku ta yi zaune a ƙofar gida, ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. A na huɗu ta tafi, ta bar akuyar. Nonon akuyar nan Ilyasu ya sha ya yi ƙiba. Kai ma ka sha da ka zo hutu."

Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta ce, "In faɗa maka uwarmu ta ci amana? Ta binne ɗa guda, ta ce ba ta iya ba da na biyu. Kwana tara yaron nan ya yi a ɗakina. Kuɗin mota zuwa Maraɗi bai fi ƙarfina ba, Sha'ibu. Ban je na gaya wa matar ba."

Raihanatu, ke ba ki san Inna sosai ba. Mace ce da ba a taɓa sauke tukunya a gidanta maƙwabci bai samu ba. Ita ce kuma ta yi wannan. Tun ranar Talata nake ƙoƙarin haɗa matan nan biyu su zama ɗaya, na kasa.

Ga shawarata, ko in ce roƙona. Ki goge sunanki daga wurin mutanen nan, kada ki amsa wa yaron. Inna ta tafi, Alhaji ya tafi, Ilyasu ya tafi. Me za mu kai wa tsohuwar nan? An ce mata ya mutu, yanzu kuma mu je mu ce mata ya mutu. Ki bar mu mu ƙarasa kwanakinmu da sauran mutuncin da ya rage.

Allah ya yi miki albarka.
Baffanki


Charleroi
8 ga Oktoba, 2023

Baffa,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkirin, na rubuta na yaga ya fi sau biyar.

Na ɓoye sunana kamar yadda ka ce. Kafin in ɓoye, Abdulmutallib ya sake rubutowa sau biyu. A na ƙarshe ya ce ba su neman komai a wurinmu, kuma bai gaya wa kakarsa ba tukuna, don kada ya ɗaga mata rai a banza. Ya ce in ba na so, in ce masa kuskure ne, zai yarda. Na kasa rubuta masa haka. Ƙarya ta huɗu ke nan za a yi wa matar nan daga gidanmu, ba na so ta fito daga hannuna.

Amma ba zan gaya masa gaskiya a bayan idonku ba. Na riga na yi maka haka sau ɗaya: na karɓi yawunka ban gaya maka abin da zai iya tonowa ba, na sa ka karya rantsuwa. Ina neman gafararka. Asirin ba nawa ba ne ni kaɗai. Na Mama ne, da kai, da Gwaggo, da Baffa Shamsu. Sai dai ina ganin na Tahira ne kafin ya zama na kowa, ita ce kuma kaɗai ba a tambaya ba.

Ka ce me za mu kai mata. Baffa, a gidan tsofaffin da nake aiki ni nake yi musu wanka, ni nake ba su abinci a baki. Na ga masu jiran wanda ba zai zo ba. Wanda aka gaya masa gaskiya yakan yi kuka ya ci abinci. Mai jira shi ne ba ya ci. Shekara arba'in da tara ɗanta ya yi a duniya bayan ta bar shi, ya yi aure, ya haifu, ya je Makka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kai wa uwa.

In ka ce a'a, na yi shiru har abada. Amma ka sake dubawa.

Ɗiyarka, in har yanzu ka yarda in kira kaina haka,
Raihanatu


Tsibiri
12 ga Nuwamba, 2023

Ɗiyata, kuma kada ki sake yi mini wannan tambaya,

Muna lafiya, an gama girbi. Na yafe miki. Na sake dubawa kamar yadda kika ce, wata guda ina dubawa.

Na fara da uwarki. Na gaya mata asalin Ilyasu, ban gaya mata zatonki ba. Ta ce ranar sunanki Ilyasu ya ɗauke ki ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ba ta ɗauko kowa a gidanmu ba, ni ta ɗauko. Ni kuwa ban san wa na ɗauko ba." Ya yi dariya, bai sake tayar da maganar ba. Na ce mata gidan da take ciki zai iya shiga rigima. Ta ce, "Malam, ni ma uwa ce. Ku je ku gaya mata."

Shamsu na same shi a shago, kayansa sun yi wata uku a tsare a iyaka, ransa a ɓace. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce shekara hamsin muna cin ƙarya, sai yanzu da bikin ɗiyarsa Khaulat ya matso za mu amayar masa a zaure, dangin miji su ji. Ya ambaci gidan. Na ce in haƙƙinsa yake so, ga gonata ta Tsibiri, ya bar Balki inda take. Sai ya fashe da kuka a gaban masu ciniki. Ya ce, "Ba gona nake so ba. Yayana nake so. Na binne shi da hannuna, yau ka zo ka sake ɗauke mini shi." Ya ce in na je Abalak kada in zo bikin. Bai sake maganar gidan ba, bai kuma sake gaishe ni ba.

Tasalla ta ce ƙafarta ba ta iya tafiyar, fuskarta ma ba ta iyawa. Ta ba ni ƙullin zogale, ta ce in roƙa mata gafara da sunanta, kada in ce "mu".

Ki rubuta wa yaron. Ki ce masa wannan magana ba ta waya ba ce, wani tsoho zai zo da kansa. Uwata ce ta karɓi amanar, ni ya kamata in je.

Baffanki, Sha'ibu


Abalak
3 ga Disamba, 2023

Raihanatu,

Na iso lafiya ta Ƙonni da Tawa. Na gan ta. Ƙaramar mace ce, goshinki ne a fuskarta. Ɗiyarta, wadda ta goyo a shekarar yunwa, ita ta zauna tsakaninmu tana maimaita mini maganarta da ƙarfi.

Na faɗi komai, har da akuyar, har da kabarin. Na roƙa wa Inna da Alhaji gafara, na roƙa wa Tasalla da sunanta. Na ba ta hoton Ilyasu. Ba ta gani, ta riƙe shi a kife a kan cinya tana shafawa.

Ta ce, "Yana cin abinci ya ƙoshi?"

Na ce har ya yi tumbi, har ya ciyar da wasu.

Ta ce, "An buge shi?"

Na ce Inna ba ta bari ko ƙuda ya sauka a kansa.

Sannan ta ce ta yafe wa Tasalla, yarinya ce a lokacin. Maganar Inna kuma ta ce in ba ta lokaci, yau ta ji. Ta ce in kin samu hanya ki zo ta taɓa fuskarki, amma kada ki daɗe ba ki zo ba.

Da zan tashi na tambaye ta sunan da ta raɗa masa, don ki sa a tarihin da kike rubutawa. Ta girgiza kai. Ta ce, "Kun riƙe shi shekara arba'in da tara. Ku bar mini wannan."

Ban sake tambaya ba. Gobe zan kama hanyar gida.

Baffanki,
Sha'ibu